Me Ke Kawo Ƙwallayen Haske a Cikin Hoton Dare?

A shirin kimiyya na wannan mako za a duba wani al'amari ne da ya daɗe yana ɗaure wa masu ɗaukar hoto kai, har wani lokaci ya kan tayar wa mutane da hankali. Mutum zai ɗauki hoto da dare, ko a wurin biki, ko a zaure, ko a tsakar gida, fitilar kyamara ta yi wal, kowa ya watse lafiya lau. Sa'ad da aka zo duba hoton sai a tarar waɗansu da'irori farare-farare sun bazu a cikinsa kamar kumfar sabulu, wata a bisa kan ango, wata a kafaɗar wata dattijuwa, wata kuma tana reto a sararin ɗaki. Waɗansu manya kamar faifai, waɗansu ba su wuce anini ba. Ga shi kuwa duk wanda ke wurin zai iya rantsewa bai ga kome da idonsa ba.

To, a nan ne magana kan tashi. A Ingila da Amurka akwai masu cewa kurwar matattu ce, har akwai masu kwana a tsofaffin gidaje da maƙabartu suna farautar da'irorin nan da kyamara, a kuma nuna su a talabijin. A cikin Hausawa kuwa, na gida da na zango, aljanu a kan ambata. Yanzu da hoto ke tashi daga Kumasi ya sauka Jidda ko London kafin ƙiftawar ido, fassarar da aka yi masa ita ma tana biye da shi. Abin ba na wasa ba ne, domin hoto guda ya isa ya sa a guji gidan haya, ko a soma yi wa amarya kallon banza, ko kuwa a kwashi kuɗi a kai wa mai magani. Batun abin da ke ɓoye ga idon ɗan Adam fage ne na malamai, shirin nan ba zai shiga gonarsu ba. Tambayar da ke gabansa ƙarama ce: mene ne ya bar wannan tabo a jikin hoto? Amsar kuwa sananniya ce ga masu ƙera kyamara, har kamfanoni irin su Fujifilm sun yi wa masu sayen kayansu bayaninta. Ƙura ce, ko wani abu mai ƙanƙanta irin tata, da ta gifta dab da idon kyamara a lokacin da fitila ta yi walƙiya.

Amma faɗin haka kawai ba ya gamsar da mai hankali. Zai ce ƙura ai ba ta da siffar ƙwallo, ba ta kuma kai girman faifai ba, in kuma tana nan, don me ido bai gan ta ba? Sai a bi su sannu a hankali.

Da farko dai, babu iskar da mutum ke shaƙa wadda ba ta ɗauke da ƙura. Duk wanda ya taɓa zama a ɗaki mai duhu da hantsi, hasken rana ya ratso ta wata 'yar kafa a rufi ko a jikin taga, ya ga dubban 'yan abubuwa suna kai da kawowa a cikin sandar hasken nan. Ba a cikin hasken kaɗai su ke ba, sun cika ɗakin duka, haske mai ƙarfi ne da duhun da ke bayansu su ka tona musu asiri. Wani masani mutumin Ailan, John Tyndall, ya yi lacca a kan wannan a London cikin watan Janairu na 1870. Ya kan ratsa ɗaki mai duhu da haske mai ƙarfi, sa'an nan ya sa harshen wuta a ƙarƙashin sandar hasken. Nan da nan sai a ga kamar baƙin hayaƙi yana murɗawa a cikinta. Ashe ba hayaƙi ba ne, iska ce wadda ba ƙura a cikinta, inda kuwa babu ƙura babu abin da zai maido da haske zuwa ga idon mai kallo, sai wurin ya yi baƙi ƙirin. Watau hasken da ke ratsa sarari ba ya ganuwa daga gefe sai ya sami abin da ya daka.

Mafi yawan ƙurar nan ba ta kai kaurin silin gashin kai ba. Akwai zaren tufafi a ciki, da ɓarɓashin fatar jiki, da garin furanni, da toka, da ƙasa. A ƙasashen da a ke hunturu kuwa, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, iska kan ƙaro wata daga nesa. Babbar mahaifarta ita ce ƙwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta share gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe shekaru dubbai da su ka wuce. Shi ya sa mai ɗaukar hoto a Injamena ko Marwa ko Tamale ya fi gamuwa da ƙwallayen nan da rani, balle in an yi shara, ko 'yan rawa sun tayar da ƙasa a dandali.

Sai batun fitila. Tun a 1604 Johannes Kepler, masanin taurari na Jamus, ya bayyana yadda haske ke raunana in yana nisa da inda ya fito. In aka ninka nisa sau 2, ƙarfin haske ba rabi ya ke komawa ba, kashi 1 cikin 4 ya ke komawa. In aka ninka sau 10, sai ya koma kashi 1 cikin 100. A ɗauka mutumin da a ke ɗauka hoto yana tsaye ƙafa 10 daga kyamara, watau inci 120, ƙwayar ƙura kuma tana shawagi inci 4 kacal daga fitila. Ƙurar ta fi shi kusa sau 30, saboda haka hasken da ya dake ta ya fi wanda ya isa fuskarsa ƙarfi sau 30 sau 30, watau sau 900. Abin da ya sha haske haka, kome ƙanƙantarsa, dole ya yi ƙyalli. Walƙiyar ƙaramar kyamara kuma gajera ce ƙwarai, sau da yawa ba ta wuce kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, don haka ta kan kama ƙurar a tsaye cak kamar an kafe ta. Idon mutum ba shi da halin ganin wannan. Mai ɗaukar hoton hankalinsa na kan waɗanda ya ke ɗauka, su kuma walƙiya ta kashe musu ido, kafin kowa ya farfaɗo an riga an gama.

Yanzu sai babbar tambaya, watau yadda ƙwayar da ba ta da siffa ta zama da'ira zagayayya mai faɗi. Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira wajen shekara 1,000 da su ka wuce, ya nuna a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske yana tasowa daga kowane ɗigo na abin da a ke kallo, ya bazu ta kowace fuska a miƙe, kana ya shiga ido. Aikin gilashin nan mai tudu da ke gaban kyamara, wanda a ke kira idonta, shi ne ya tattaro hasken da ya bazu daga ɗigo ɗaya ya sake haɗa shi a ɗigo ɗaya a can ciki, a kan fim ko farantin da hoto ke kamawa. A sura shi kamar mazurari: faɗi a bakin gilashi, tsini a kan faranti. Amma fa gilashi ba ya iya yi wa na kusa da na nesa wannan hidima a lokaci guda. In an saita shi a kan mutumin da ke ƙafa 10, tsinin mazurarin hasken mutumin zai sauka daidai a kan faranti, hotonsa ya fito tangaram. Hasken ƙurar da ke inci 4 kuwa bai gama haɗuwa ba sa'ad da ya iso faranti. Farantin ya yanke mazurarin tun yana da faɗi, in kuwa aka yanka mazurari a gicciye, da'ira a ke samu.

Ga abin da ya fi ban mamaki a nan. Da'irar nan ba hoton ƙura ba ce, hoton ƙofar kyamara ce. A cikin idon kyamara akwai wata 'yar kafa da haske ke bi, ita ce ke ba mazurarin nan siffarsa. In kafar zagayayya ce, ƙwallon ya fito zagayayye. Akwai kyamarorin da kafarsu ta haɗu ne daga 'yan faranti 6 masu buɗewa da tsukewa, a cikinsu ƙwallayen kan fito da kusurwa 6, dukkansu sun fuskanci gefe ɗaya kamar an buga su da hatimi guda. Wanda ke da babbar kyamara zai iya jarrabawa: ya yanke siffar tauraro a jikin baƙar takarda, ya rufe idon kyamara da ita, ya ɗauki fitilun titi daga nesa bayan ya karkatar da saiti. Kowace fitila za ta fito tauraro. Mai raunin gani ma ya san wannan ba tare da kyamara ba, domin in ya cire tabarau da dare fitilun gari kan zame masa manyan da'irori masu biji-biji.

Girman ƙwallon ma lissafi ne. Kafar hasken ƙaramar kyamara ba ta wuce faɗin ƙwayar gero ba. In ƙura tana inci 4 daga ido, mutum yana inci 120, da'irar za ta rufe wuri a jikin mutumin mai faɗin kafar nan kusan sau 30, watau kamar ƙwan kaza. In ƙurar ta matso zuwa inci 2, sai ya ninka, ya zama kamar ɗan ƙoƙo a gefen kansa. Ke nan babban ƙwallo ba babbar ƙura ba ce, ƙura ce da ta fi kusa. Girman ƙwayar kanta a hasken ƙwallon ya ke nunawa, ƙwaya mai kauri ta fi fari, siririya ta fito dishi-dishi.

Masu ƙara girman hoto a allon kwamfuta su kan ce sun ga zobba a cikin ƙwallon, ko launin bakan gizo a bakinsa, wani ma ya ce ga fuska nan da idanu biyu da baki. Zobban suna zuwa ne daga yadda haske ke lanƙwasa a gefen kafa, da kuma 'yan sawu marasa ganuwa da injin ƙera gilashi ya bari a jikinsa. Launin baki kuwa saboda gilashi ba ya karya ja da shuɗi daidai wa daida. In akwai ɗan datti a jikin gilashin, zai fito baƙin tabo a cikin ƙwallo, kuma duk ƙwallayen da ke kusa da juna za su ɗauki tabon a wuri ɗaya. Batun fuska, wannan halin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ne, wadda ke ganin fuska a gajimare da jikin wata da tsatsar bango. Ba ta bukatar fiye da tabo uku.

Akwai kuma masu jela kamar tauraruwa mai wutsiya, waɗanda a kan ce an kama su suna gudu zuwa sama. Yawanci yayyafi ne. Walƙiyar kyamara ta fi ƙarfi a farkonta, sa'an nan ta dushe. Ɗigon ruwa mai faɗowa ya kan sha hasken mai ƙarfi yana sama, ragowar hasken ya raka shi zuwa ƙasa, sai kan ya fito a sama, jela a ƙasa, mai kallo ya zaci tashi ya ke yi alhali faɗowa ya ke. Sauro da gina da zaren saƙar gizo su ma kan ba da nasu siffofin.

Wani zai ce, to ai tun zamanin kakanni a ke ɗaukar hoto da walƙiya, yaya ba a cika ganin wannan a tsofaffin hotuna ba? Lalle haka ne, ƙwallayen sun yawaita ne daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da ƙananan kyamarori marasa fim su ka cika kasuwa. Mai hoto na da, fitilarsa tana can bisa sanda ko a gefe, nesa da idon kyamara, saboda haka iskar da ke dab da gilashi tana cikin duhu, ƙurar da ke wurin ba ta sami haske ba. Gilashinsa kuma babba ne, yana baza hasken ƙura ya yi faɗi har ya ɓace a cikin hoto. Ƙaramar kyamara ta aljihu ta zo da fitila inci ɗaya ko biyu daga ido, da 'yar kafa ƙarama, ta haɗa sharuɗɗan duka biyu. Wayar hannu ma fitilarta manne ta ke da ido. Daɗa, da can kowane hoto kuɗi ne, mai wankin hoto kan jefar da wanda ya ɓaci, yanzu kuwa a kan ɗauki ɗari a dare guda a zauna ana bincikensu ɗaya ɗaya.

Kusancin nan na fitila da ido shi ne kuma ke sa idanun mutane su fito ja a hoto, domin hasken ya shiga ya dawo ta hanyar da ya bi. Direban da ya taɓa tafiya da dare cikin hazo ya san ɗan'uwan wannan al'amari: in ya kunna babbar fitila sai farin bango ya tsaya a gabansa, shi ya sa a ke maƙala fitilun hazo can ƙasa, nesa da idon direba. Kyamarorin tsaro da a ke kafawa a shaguna da ƙofofin gidaje sun fi kowa fama, don an kewaye idonsu da 'yan fitilu masu hasken da idon mutum ba ya gani. Mai gadi sai ya ga ƙwallaye suna yawo a allo tsakar dare, ya leƙa waje ya tarar da duhu kawai.

Duk bayanin nan ya dogara ga abu ɗaya, watau cewa ƙwallon yana dab da kyamara, ba can cikin ɗaki tare da mutane ba. Ana iya gwada wannan. Mai sauraro ya ɗaga yatsa kusa da hancinsa, ya rufe ido ɗaya, sa'an nan ya sauya. Yatsan zai yi tsalle daga gefe zuwa gefe, amma bangon da ke nesa ba zai motsa ba sai kaɗan. A 2009 kamfanin Fujifilm ya fitar da wata kyamara mai ido biyu da ke ɗaukar hoto biyu a lokaci guda. Wani mai binciken irin waɗannan al'amura a Ingila, Steve Parsons, ya zagaya da ita wuraren da a ke cewa akwai fatalwa, ya ɗauki hotuna masu yawa. Da ƙwallayen suna can tsakiyar ɗaki, da sun fito a hotunan biyu kusan a wuri ɗaya kamar kujera da ƙofa. Abin da ya samu shi ne, ko dai ƙwallo ya fito a hoto ɗaya ya ɓace a ɗayan, ko kuwa wuraren ba su dace ba sam.

Hujjar da masu musu su ka fi riƙewa ita ce wani lokaci a kan ga rabin ƙwallo ya ɓuya a bayan mutum. Wannan ruɗin ido ne. Ƙwallon haske ne mai rauni da ya hau bisa hoto, yana fitowa sarai a kan duhu, in kuwa ya hau kan farar riga da walƙiya ta haska sai farin rigar ya haɗiye shi. Har a sararin samaniya an yi wannan gardama. A watan Fabrairu na 1996 kumbon Columbia na Amurka ya saki wani tauraron ɗan Adam na Italiya ɗaure da waya mai tsawon wajen mil 12, wayar ta tsinke. A majigin da 'yan sama jannati su ka ɗauka bayan haka an ga da'irori da yawa suna shawagi, waɗansu kamar suna bi ta bayan wayar, har aka yi ta yayata cewa jiragen waɗansu halittu ne masu faɗin mil da mil. Ɓarɓashin ƙanƙara ne da tarkace a kusa da kumbon, rana ta haska su, kyamara kuma tana saite a kan waya mai nisa. Wayar ta fi su haske, shi ya sa ta haɗiye su inda su ka haɗu.

Ya kamata a bambanta wannan da zamba. A shekarun 1860 wani mai hoto a Boston, William Mumler, ya riƙa sayar wa masu makoki hotunansu tare da inuwar mamatansu, a lokacin da yaƙin basasar Amurka ya bar gidaje da yawa cikin rashi. An gurfanar da shi a New York a 1869, kotu ta sallame shi don ba a tabbatar da laifin ba, daga baya har matar marigayi Shugaba Lincoln ta zauna ya ɗauke ta. Masu sana'ar hoto na zamanin sun nuna hanyoyi da dama na haɗa siffa biyu a faranti ɗaya. Mai hoton ƙwallaye na yau bai haɗa kome ba, da gaskiyarsa ya ke nuna abin da kyamara ta ba shi. Mai zamba shi ne wanda ya san ƙura ce, ya kuma karɓi kuɗi don ya kore ta.

Wanda ya ke so ya tabbatar da kansa, ya kaɗa matashin kai ko tsohon bargo a ɗaki mai duhu, ya ɗauki hoto da walƙiya nan take, sa'an nan ya kashe walƙiyar ya kunna fitilar ɗaki ya sake ɗauka. Na farko zai cika da ƙwallaye, na biyu babu ko ɗaya. Maganinsu ke nan kuma ga mai hoton biki: ya nemi wuri mai haske ya bar walƙiya, ko ya jira ƙurar rawa ta lafa, ko a yayyafa ruwa a fili tun kafin taro. Mai babbar kyamara ya raba fitila da ido, ko ya juya ta ga farin rufi hasken ya sauko daga sama. Masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku, waɗanda ruwansu cike ya ke da yashi da ƙananan halittu, sun daɗe da sanin haka, su kan ɗora fitilunsu a kan dogayen hannuwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu.

Saura ɗigo guda da ba na ƙura ba, wanda masu wayar hannu kan gani ko ba a yi walƙiya ba: ɗan kore ko shuɗi da kan fito in an ɗauki rana ko wata ko fitila mai ƙarfi. Wannan hasken fitilar ne da ya yi ta komowa tsakanin gilasan da ke cikin idon kyamara. Alamarsa ita ce yana tsayawa daura da fitilar ta ɗaya gefen tsakiyar hoto, in fitila tana sama ta dama shi yana ƙasa ta hagu, in kuma aka motsa wayar sai ya motsa tare da ita.